Nauyin Jemage

Mijin yayata ba kafinta ba ne, ba kuma magini ba ne. In aka tambaye shi sana'arsa sai ya ce, "Ni mai rataya ne." Duk abin da ya yi nauyi aka kuma so ya zauna a jikin bango, shi ake kira: kabad ɗin kicin, tankin ruwan zafi, talabijin, na'urar sanyaya ɗaki, kwanon wanke hannu. Sai magini ya gama ya tafi, mai fenti ya kwashe gwangwanayensa, sannan shi ya shigo da jakarsa da injin huda bango.

Ni na sa masa suna Jemage, kuma ban taɓa nadama ba. Lokacin yana neman Yaya, ni ina yarinya mai bakin tsiya, sai ya ce zai kafa wa mahaifiyarmu kantar jera tukwane a ɗakin girki don ya samu shiga. Da ya gama ɗaure notin ƙarshe, kawai muka ga ƙato ya kama kantar da hannu biyu, ya naɗe ƙafafu, yana reto. Mahaifiyarmu ta dafe ƙirji tana salati. Ni kuwa na ruga waje ina ihu, "Ku zo ku ga jemage a ɗakinmu!" Ya sauko yana kaɗe hannu, ko kunya babu, ya ce, "Inna, in ta ɗauke ni, za ta ɗauki tukwanenki." Shi kuma ya rama, ya sa min Rediyo, wai ba a kashe ni sai batir ya ƙare.

Haka yake aiki duk tsawon rayuwarsa. Bai yarda da abin da aka rubuta a jikin kwali ba, bai yarda da rantsuwar mai shago ba. Jikinsa ne ma'auninsa. Mutum ne irin waɗanda in sun shiga ƙaramar mota sai ta karkata gefe guda, don haka abin da ya riƙe shi, to ka kwanta a ƙarƙashinsa ka yi barcinka. Masu gida suna dariya, yara suna taruwa kallo, amma shi suke sake kira. Shekaru sama da talatin ba a taɓa cewa abin da Jemage ya rataya ya faɗo ba.

Yaya ma ba baya ba ce wajen jiki. Giwa yake kiranta, tana harararsa tana jin daɗi. 'Ya ɗaya Allah ya bar musu, ta yi karatun jinya, aure ya kai ta wani gari mai nisa, tafiyar yini guda a mota. Nas muke ce mata, har ubanta.

Yana cikin ƙarfinsa aka fara gini da farin bulon nan mara nauyi. Wanda bai san shi ba, bulo ne fari tas, babba, amma yaro ma zai ɗaga shi da hannu ɗaya, don cikinsa duk ƙananan ramukan iska ne kamar soso. Da zarton katako ake yanka shi. Magina suka so shi saboda sauri, masu gida suka so shi saboda ɗaki ba ya zafi. Jemage kuwa ranar da ya fara cin karo da shi ya dawo gida fari fat kamar wanda ya faɗa buhun fulawa, yana faɗa shi kaɗai.

"Kallon kitse ake yi wa rogo," in ji shi. "Rediyo, kin ga bangon da farce ke karta? Na cusa robar riƙe noti a ramin, na ɗaure noti, na ja da yatsa biyu, ya fito min da gari. Wannan ai burodi ne aka yi wa fenti."

Abokan sana'arsa da yawa sun ci gaba da yi masa yadda suke yi wa bulon siminti, su karɓi kuɗinsu su ƙara gaba, bayan wata biyu kabad ya sauko da faranti da kofuna. Shi sai ya sayo bulo guda shida ya jera a bayan gida, yana huda yana gwadawa, har Yaya ta ce ko kishi za ta yi da bulo ne. A nan ya koyi halinsa. Ba a sa wa injin duka, a hankali ake huda shi, in ba haka ba ramin ya rududduge. Ramin kuma ya yi zurfi, cikinsa ya fi bakinsa faɗi. A share garin da buroshi, a hure da famfon keke har sai ba abin da ke fitowa, don in gari ya rage gam ba zai kama ba. Sannan a ɗura gam mai haɗi biyu, a tura dogon noti, a tafi gida. Sai washegari a ɗaure, shi ma ba da ƙarfin tsiya ba. In kuwa abin mai nauyi ne sosai, ko wanda za a riƙa fizga, to babu wata dabara sai a huda bangon ya ɓulle, a sa farantin ƙarfe ta baya, noti ya kama bangon gaba da baya. Na haddace duk wannan ba don ina so ba. Kowa ya zauna kusa da shi sai ya sha wannan karatu.

Ya zama in an ce farin bulo, a ce a kira Jemage. Ya ci abinci da shi shekaru, bai tara komai ba, amma gidansa bai taɓa kwana da yunwa ba.

Sai ciwo ya faɗa wa Yaya. Tana shanya a baranda ta zube, ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ta tafi, sai kalma uku ko huɗu da take iya fitarwa da ƙyar. A bene suke zaune, hawa na biyu. Da aka sallamo ta daga asibiti, maza huɗu ne suka hau da ita a kan kujera, suna nishi. Nas ta zo, ta dubi matakalar, ta dubi uwarta, ta ce za ta tafi da ita.

"Baba, gidana a ƙasa yake, asibiti yana bayanmu. A nan wa zai ɗaga ta? Kai ma ka manyanta."

"Ki bar min matata," ya ce. Bai ɗaga murya ba, amma ban taɓa jin ya yi wa yarinyar magana haka ba.

Yaya tana kwance tana jin su. Hannun hagun da ya rage mata ta ɗaga ta buga katifa, ta ce, "A'a." Ta sake cewa, "Nan." Ba ta son zuwa gidan suruki ta zama kaya, kuma ba ta son rabuwa da ƙatonta. Kowa a ɗakin ya gane.

Nas ba muguwa ba ce, aikinta ne ya nuna mata abin da mu ba mu gani ba. Ta yi kuka, sannan ta gindaya sharaɗi. Su sauko daga bene, su koma gidan da ba matakala. A sa wa Mama abin riƙewa a gefen gado da banɗaki, ta riƙa tashi da kanta, don in ta saba kwanciya ba za ta sake tashi ba. In kuma ta faɗi ko sau ɗaya, babu sauran magana, mota za ta zo. Ya ce ya yarda. Har dariya ya yi, ya ce, "Abin riƙewa? Yarinya, kin zo gidan."

Gidan da ƙarfinsu ya kai, sabon gini ne a ƙarshen layinmu, ɗakuna a jere, kowa da banɗakinsa. Da muka je dubawa ya ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa, ya dube ni, ya ce, "Abokina ne." Farin bulo ne tun daga ƙofa har ƙuryar ɗaki.

Daga nan ya rage fita aiki. Shi ke yi mata wanka, shi ke juya ta, shi ke ba ta shayi a cokali, shi ke wanke zannuwa ya shanya tun kafin maƙwabta su fito, wai kada a ga abin da ke jikinsu. Ni ina zuwa da rana in na rufe shagon ɗinkina, in dafa musu abin da ya samu. Sai in ga ya ba ta nata tas, nasa ya rufe ya tura ƙarƙashin tebur. Ruwa kawai yake ɗirka kamar raƙumi, yana zaryar banɗaki. Sau biyu ya kawo min wandunansa in rage musu ƙugu. A na biyun na jefa masa su.

"Kai, wai so kake ka ƙare a tsaye? Ka je a duba ka mana!"

"Jinya ce, Rediyo. Wa ya taɓa yin ƙiba a jinya?"

"Wanzami ba ya son jarfa. Kullum kana asibiti da matarka, ka miƙa hannu a ɗebi jininka ya gagara?"

"In na kwanta wa zai ɗaga ta? Ke?"

Na yi masa tas, ya yi min dariya, na ɗinke wandunan. Mutum ne da bai taɓa kallon madubi ba sai wajen aski. A ransa har yanzu shi ne ƙaton da mota ke karkata masa.

Mariƙin gefen gado bai ba shi wahala ba, bangon waje ne mai kauri. Na banɗaki ne matsala. Bangon da ke gefen masai siriri ne, kaurinsa bai wuce faɗin tafin hannu ba, bayansa kuma ɗakin kwanan maƙwabta ne. Ya san abin da ya kamata: a huda ya ɓulle, a sa farantin ƙarfe ta can. Maƙwabcin ya ce shi ba ruwansa, a tambayi mai gidan hayar. Mai gidan hayar ya zo da makullan motarsa a hannu, ya saurara da rabin kunne.

"Ka ɓula min bango har ɗakin wani? Sabon gini? Malam, in kowa ya ce zai yi haka ai gidan rariya zai koma."

"Ranka ya daɗe, faranti ne kamar tafin hannu, zan shafe shi da fenti, ba mai gani. Mara lafiya ce."

"Allah ya ba ta lafiya. Ta cikin ɗakinka ka kafa abin da ka ga dama, amma kada ya ɓulla."

Ina tsaye a wurin, na buɗe baki zan wanke shi, Jemage ya taka min ƙafa. In aka kore su ba su da wurin zuwa. Ya yi tunanin kafa ƙarfe daga ƙasa, amma banɗakin ƙarami ne, in ya yi haka keken Yaya ba zai shiga ba.

Sai ya koma ga gam. Ban taɓa ganin ya yi aiki da natsuwa irin ta ranar ba. Noti shida maimakon huɗu. Gajeru dole, tunda bangon ba kauri, amma ya buɗa cikin kowane rami, ya share, ya hure, ya sake hurewa har yana tari. Kwana biyu ya bar gam ɗin yana bushewa maimakon ɗaya. A rana ta uku ya ce in kira Nas a waya ta hoto, in riƙe mata ta gani. Ya kama mariƙin da hannu biyu, ya naɗe ƙafafu, ya yi reto, ya girgiza, ya sake girgizawa. Ko ƙis bai yi ba.

"Kin gani?" ya ce yana haki. "In ya ɗauki ubanki, zai ɗauki uwarki."

Nas ta yi dariya a karon farko tun da ciwon ya zo. Yaya ma da ke kan keke a bakin ƙofa ta yi irin dariyarta ta gefen baki ɗaya. Ni kaina na yi tafi. Duk mun yarda, don tun muna yara abin da muka sani ke nan.

Watannin da suka biyo baya su ne masu daɗin. Yaya ta fara tashi, shi yana tallafe da ita ta dama, ita tana jan mariƙin da hagu. Ta fara taku uku, huɗu. Ta ƙaro kalmomi. Ta koyi ce masa "tafi" in ya cika ta da hidima. Abin da ta fi so a duniya shi ne ta shiga banɗaki ta rufe ƙofa ita kaɗai kamar kowace mace, ba miji tsaye a kanta. Duk wadda ta taɓa kwanciya ciwo ta san wannan.

Wata safiya yana dafa shayi, ta tura kekenta ta shiga, ta zauna da kanta. Da ta gama ba ta kira shi ba. Ta kama mariƙin, ta tattara duk nauyinta a hannu ɗaya, ta yunƙura. Ya ce ƙarar da ya ji ba ta da yawa, kamar an fasa busasshen burodi, sai kuma faɗuwarta.

Yaron maƙwabta ne ya zo ya kira ni. Na same ta a ƙasa tsakanin masai da bango, ƙafarta a juye, fuskarta duk farin gari, mariƙin yana hannunta ba ta saki ba. Notin nan shida suna jikinsa, kowanne da dunƙulen bulo manne da shi. Gam bai saki ba, noti bai saki ba, bangon ne ya taho. Jemage yana durƙushe ya sa hannuwa a hammatarta yana ja, yana cewa, "Giwa, yi haƙuri, Giwa," amma ko motsa ta bai iya yi ba. Maƙwabta ne suka ɗauke ta.

Ƙashin ƙugu ya karye. Likita ya ce sai an yi aiki, kuma a nemo jini. Jemage ya naɗe hannun riga tun kafin a rufe baki. Na raka shi ɗakin ɗiban jini. Matar da ke wurin ta dube shi sama da ƙasa, ta ce ya hau sikeli tukuna. Ya hau. Ta faɗi abin da ta gani, ta ce, "Baba, ba za mu iya ɗibar jininka ba, kai ma kana bukatar ganin likita."

Ya ce sikelin ya lalace. Ta hau da kanta ta nuna masa lafiyarsa ƙalau. Ya sake hawa, ya sunkuya yana kallon allurar sikelin. Mutum ne da ya san nauyin komai, aikinsa ke nan. Na ga leɓensa yana motsi yana lissafi. Sai ya ɗago ya dube ni.

"Rediyo," ya ce, "tankin ruwan zafi in ya cika ya fi ni nauyi."



"Giwa ta kusa ninka ni. Na rataya, ya riƙe, na ce mata ta yarda da shi. Ashe ba kowa a jikin ƙarfen."

Ya zauna a kan bencin wurin, ya sa kai tsakanin gwiwoyi. Ranar aka gwada shi aka ce ciwon suga ne, ya daɗe yana cinsa. Ya karɓi maganin ya sa a aljihu kamar an ba shi takardar wani.

An yi wa Yaya aiki, an sa ƙarfe, amma likita bai ɓoye mana ba: da wuya ta sake tsayawa. 'Yan kalmomin da ta tara ma suka koma. Nas ta iso a daren farko, ba ta yi wa ubanta faɗa ba, ko kalma ɗaya. Da ta yi masa faɗan ma da ya fi sauƙi. Ta duba idonsa, ta duba ƙafafunsa, ta ce, "Baba, ku taho tare." Ya ce a'a. Ɗaki ɗaya ne za a ba Mama a gidan, kusa da na uwar mijin Nas, shi kuma ba zai je ya tare a gidan suruki yana cin abincin wani ba. Na ce masa girman kai ne. Ya ce in kira shi abin da na ga dama. Na roƙi Nas ta bar min ita ni in riƙe, ta tambaye ni ko zan iya juya ta sau shida a rana ni kaɗai, da ciwon bayan da nake fama da shi. Gaskiya ta faɗa, shi ya sa abin ya fi min ciwo.

Bai sake roƙon a bar masa ita ba. Ya yi alkawari, kuma ko bai yi ba, ya riga ya gwada ɗaga ta ya kasa.

Ranar tafiya aka kawo mota mai dogon baya, aka shimfiɗa katifa. Shi ya haɗa kayanta da kansa, ya naɗe zannuwanta, ya sa kofin da ta fi so da ƙaramin matashin da yake sa mata a ƙarƙashin hannun da ya shanye. Yana ta yi wa Nas bayani: ba ta son shayi da zafi sosai, in ta ƙifta ido sau biyu ruwa take so, kada a kwantar da ita tana fuskantar bango. Nas tana cewa "to, Baba," alhali ta fi shi sanin jinya.

Da aka shigar da Yaya, ya sunkuya ta ƙofar baya zai gyara mata mayafi. Sai ta kama gaban rigarsa da hannun hagun nan. Direba ya tayar da mota. Nas ta ce, "Mama, saki, za mu yi dare." Ba ta saki ba. Na ce, "Yaya, don Allah." Ko kallona ba ta yi ba, shi take kallo, bakinta yana motsi, ba abin da ke fita, hawaye yana gangarawa cikin kunnenta. Nas ta kama hannun za ta cire, ta kasa, ta juya baya tana kuka.

Shi ne ya cire. Ya sa hannu ya ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, in ya buɗe wannan ta maida wancan, har ya haɗa su duka a tafinsa. Ya kwantar da hannun a kan ƙirjinta, ya ja da baya da sauri kafin ta sake kamawa, ya rufe ƙofar da kansa. Ya zagaya wajen direba ya ce, "Ɗana, akwai rami a kwanar can, ka bi ta hagu a hankali, ƙugunta bai warke ba."

Motar ta bi ta hagu. Ya tsaya a bakin titi har ta sha kwana, gaban rigarsa a cukuikuye, bai gyara ba.